Djibo Bakary, shugaban gwamnatin da ya ce A'a ga de Gaulle ya rasa mulki

A daren 28 ga watan Nuwamban 2024, sa'o'i kaɗan bayan ministan harkokin wajen Faransa ya bar N'Djamena, gwamnatin Chadi ta fitar da sanarwar kawo ƙarshen yarjejeniyar tsaro da ke tsakaninta da Faransa. Mazauna Atrone da sauran unguwannin birnin sun ji labarin ne kamar yadda kowa ya ji, a rediyo da wayar hannu. Wasu sun yi murna, wasu suka yi jugum suna lissafin abin da zai biyo baya, amma babu wanda aka nemi ra'ayinsa kafin a yanke hukunci. A lokacin ba a cika shekara guda ba da waɗannan mutane suka yi layi a rumfunan zaɓe, ranar 17 ga Disamban 2023, don kaɗa ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin tsarin mulki. Shi ya sa tambayar ba ta rasa masu yin ta a majalisun shayi: in dai ana iya tambayar talaka kan tsarin mulki, me zai hana a tambaye shi kan yarjejeniyar da ke kawo sojan wata ƙasa garinsa, ko wadda ke fitar da shi?

Sau ɗaya tak aka taɓa ɗora wa mutanen Chadi da Nijar irin wannan tambaya kai tsaye, wato ranar Lahadi 28 ga Satumban 1958. A duk ƙasashen da Faransa ke mulka a yammacin Afirka, shugabannin gwamnati biyu ne kawai suka nemi jama'arsu su ce A'a. Ɗaya shi ne Ahmed Sekou Toure na Gini, wanda ya yi nasara, sunansa ya shiga littattafan makaranta. Ɗayan kuwa shi ne Djibo Bakary na Nijar, wanda ya faɗi, kuma faɗuwar ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Malamin makaranta daga Soudouré

An haifi Djibo Bakary a shekarar 1922 a Soudouré, wani ƙauye a bakin kogin Kwara kusa da Yamai. Bazabarme ne, kuma ɗan'uwan Diori Hamani ne na jini, wanda shi ma a ƙauyen aka haife shi shekaru shida kafin nan. Sai dai a Tahoua Djibo ya yi ƙuruciyarsa, a can ya fara karatun boko, a can kuma ya sha Hausa ta zauna masa a baki. Wannan ya yi masa rana daga baya, domin ya iya tsayawa a kasuwar Maraɗi ko Tasawa ko Damagaram ya yi wa jama'a magana ba tafinta, abin da 'yan bokon yammacin ƙasar da yawa ba su iya ba.

Ya yi karatu a makarantar William Ponty da ke Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na ƙasashen da ta mallaka, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadez. Zamanin ne na aikin dole, lokacin da kumandan zai aika wa hakimi adadin majiya ƙarfin da yake so, a kamo su a kai su aikin hanya ba lada. Sai a 1946 aka soke wannan a hukumance. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar siyasa ta farko a Nijar, PPN, wadda ta shiga babbar ƙungiyar RDA ta Félix Houphouët-Boigny. Djibo ya bar alli ya zama babban sakataren jam'iyyar, Diori kuma shi ne ɗan majalisarta a Paris.

Rabuwarsu ta samo asali ne daga wata shawara da aka yanke nesa da Yamai. A 1950 Houphouët-Boigny ya ga cewa ƙawancen RDA da jam'iyyar kwaminis ta Faransa na jawo musu dauri da kora, sai ya raba gari da 'yan kwaminis ya nemi sulhu da hukuma. Diori da Boubou Hama suka bi shi. Djibo ya ƙi. Ya tsinci kansa ba jam'iyya, ba albashi, ya koma noman lambu a gefen Yamai, yana kuma harhaɗa ƙungiyoyin ƙwadago. A nan ne ya gina abin da babu wani ɗan siyasar Nijar na lokacin da ya mallaka. Mutanensa su ne direbobi da yaran mota, 'yan kamasho na tasha, teloli, mahauta, masu aikin gidan waya, leburori, kuku da boyi na gidajen Turawa, da 'yan ci-rani masu zuwa Kano da Kumasi su dawo da labarin abin da ake yi a ƙasashen Ingilishi. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN tare da matasa irin su Abdoulaye Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarraounia, da Ousmane Dan Galadima.

Jama'a ba su damu da haruffan UDN ba. Sawaba suke kiran tafiyar, kalmar da kowane Bahaushe ya san ma'anarta: sauƙi bayan wuya. Alamarta raƙumi, ta abokan hamayya kuma giwa. Kalmar ba baƙuwa ba ce a ɗaya gefen iyaka, domin NEPU ta Malam Aminu Kano tana amfani da ita tun 1950, daga nan ne ma Hajiya Gambo ta Zariya ta samo laƙabinta. Tsakanin 'yan Sawaba da 'yan NEPU akwai zumunci da kai da komo, kuma jami'an Faransa suna sane da hakan, suna rubutawa.

Gwamnati mai ƙafa biyu

A watan Nuwamban 1956 Djibo ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. Bai kai ga kujerar da ƙarfin talakawa kaɗai ba. Ya haɗa kai ne da jam'iyyar BNA ta Georges Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, wadda ƙarfinta ke hannun sarakuna da hakimai. Jam'iyyun biyu suka narke suka zama reshen Nijar na MSA, ƙungiyar 'yan gurguzu ta Afirka, wadda a Chadi Ahmed Koulamallah ke jagorantar reshenta. A zaɓen 31 ga Maris na 1957, na farko da aka yi wa majalisar ƙasa bayan an ba kowane baligi damar zaɓe, sun ci kujeru 41 cikin 60, PPN ta tashi da 19. Djibo ya kafa gwamnati yana ɗan shekara 35, da farko a matsayin mataimaki a ƙarƙashin gwamna Bature, daga Yulin 1958 kuma a matsayin shugaban majalisar gwamnati.

Duk wanda ya dubi wannan gwamnati ya san tafiyar raƙumi da akuya ce. Ƙafa ɗaya tana kan talakan da ke kukan haraji da gaisuwar hakimi, ɗaya kuma tana kan hakimin. Da Djibo ya fara taɓa rawuna, ya dakatar da wasu ya tsige wasu, sai sauran suka sha jinin jikinsu. Kuma kada a ɗauka 'yan Sawaba salihan bayi ne a lokacin da suke da iko. Sun matsa wa ma'aikatan da ke goyon bayan RDA, kuma a Afrilun 1958 an yi mummunar arangama a Yamai tsakanin magoya bayan ɓangarorin biyu. Mutanen da suka ji jiki a hannunsu a wannan shekara ba su manta ba da rana ta juya.

Abin da aka tambaya

Yaƙin Aljeriya ne ya dawo da Janar Charles de Gaulle kan mulki a watan Yunin 1958. Ya rubuta sabon kundin tsarin mulki, a cikinsa ya tsara wata tarayya da aka kira Communauté. Kowace ƙasa za ta riƙe harkokinta na cikin gida, da majalisarta da gwamnatinta. Amma harkokin waje, tsaro, kuɗin da ake kashewa, manufofin tattalin arziki na bai ɗaya, da batun ma'adinai masu muhimmanci ga tsaro, duk suna hannun tarayyar, shugaban tarayyar kuma shi ne shugaban Faransa. A kan takarda kundin tsarin mulki ne. A zahiri yarjejeniya ce tsakanin ƙasa mai ƙarfi da ƙasashen da ba su gama zama ƙasa ba, kuma abubuwan da ke cikinta su ne dai waɗanda har gobe ake jayayya a kansu: soja, kuɗin CFA, da abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Amsa biyu ce kawai, ba gyara, ba ragi. Wanda ya ce Eh ya shiga tarayya. Wanda ya ce A'a ya samu 'yanci nan take, amma de Gaulle ya bayyana ƙarara cewa Faransa za ta kwashe ma'aikatanta da kuɗinta ta bar shi da halinsa. A watan Agusta ya zagaya Afirka don tallata shirin. Ya yada zango a Fort-Lamy, sunan N'Djamena na wancan lokaci, ya wuce Madagaska, Brazzaville, Abidjan, Conakry da Dakar. Bai je Yamai ba.

A Chadi maganar ba ta yi zafi ba. Gwamnatin Gabriel Lisette ta nemi a ce Eh, kuma sama da kashi 98 cikin 100 na ƙuri'un da aka ƙirga Eh ne. Daga nan aka shelanta Jamhuriyar Chadi ranar 28 ga Nuwamban 1958, ranar da gwamnatin ƙasar ta zaɓa, shekaru 66 bayan haka, ta soke yarjejeniyar tsaro. Ministan da ya sanya hannu kan sanarwar, Abderaman Koulamallah, ɗa ne ga wancan Ahmed Koulamallah na MSA, wanda ya riƙe gwamnatin Chadi na 'yan kwanaki a watan Maris na 1959.

A Nijar kuwa abin ya sha bamban. A ƙarshen Yulin 1958 an yi babban taron jam'iyyar PRA a Kwatano, wadda ta haɗa kusan duk jam'iyyun da ba na RDA ba, kuma Djibo ne babban sakatarenta. Taron ya tashi da matsayar neman 'yanci nan take. Amma da aka zo aiki, sai jagororin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Léopold Senghor da Mamadou Dia na Senegal, waɗanda manyan shehunan ɗarikun ƙasarsu suka nuna musu inda suka karkata, suka koma Eh. Djibo ya tsaya kan abin da aka yanke a Kwatano. A tsakiyar Satumba, saura mako biyu a kaɗa ƙuri'a, Sawaba ta sanar da cewa A'a za ta yi.

Lissafinsa ba na wauta ba ne, ko da yake masu sukarsa sun daɗe suna cewa haka. Gana ta samu 'yanci tun Maris na 1957, Najeriya na kan hanya. Gyaɗar Maraɗi da Tasawa da Damagaram, wadda ita ce ke riƙe da baitulmalin ƙasar, ta saba bi ta Kano ne ta hau jirgin ƙasa zuwa Legas, har sai da Faransa ta ƙirƙiro wani shiri na musamman a shekarun 1950 don karkatar da ita ta Parakou da Kwatano. Shanu da 'yan ci-rani kudu suke nufa. Djibo ya ga cewa Nijar mai 'yanci tana da maƙwabtan da za ta jingina da su. Sannan akwai batun Sahara: a Janairun 1957 Faransa ta kafa hukumar OCRS don tattara yankunan hamada na Aljeriya, Sudan ta Faransa wato Mali ta yau, Nijar da Chadi a ƙarƙashin kulawar Paris. Mutumin da ke tsoron a yanke wa ƙasarsa arewa yana da dalilin ƙin sa hannu kan takardar da ke ba Faransa iko da ma'adinai.

Waɗannan dalilai nasa su ne kuma dalilan da suka sa Faransa ba za ta iya barinsa ya ci ba. An gano mai a Hassi Messaoud a 1956. An ga alamun yuraniyom a arewacin Nijar a 1957. Ana shirin gwajin bam ɗin nukiliya a Saharar Aljeriya, wanda aka yi a Reggane a Fabrairun 1960. Nijar mai 'yanci a hannun abokin Nkrumah tana nufin mayaƙan FLN na Aljeriya sun samu ƙofar baya, tana kuma nufin an datse tsakanin ƙasashen Faransa na yamma da Chadi. Gini tana bakin teku, tafiyarta ciwo ce amma ba ta rushe komai. Nijar kuwa ita ce tsakiyar gida.

Mako huɗu na Colombani

Ana saura 'yan makonni a yi zaɓe aka sauke gwamna Louis Rollet, aka kawo Don Jean Colombani, ɗan tsibirin Corse, tsohon hannu a mulkin mallaka. Aikinsa ɗaya ne kuma bai ɓoye ba. Ya zagaya fadoji yana tuna wa masu sarauta abin da Sekou Toure ya yi wa takwarorinsu, domin a ƙarshen 1957 gwamnatin Gini ta soke sarautar hakimai gaba ɗaya. Ya yi alkawarin mayar da waɗanda aka tsige. Tsofaffin soja aka gaya musu fanshonsu na kan layi, ma'aikata aka nuna musu albashi. Aka shigo da ƙarin sojoji, motocin yaƙi suka riƙa ratsa ƙauyuka, jiragen sama na shawagi ƙasa-ƙasa. Djermakoye da wasu jagororin tsohuwar BNA suka fice suka haɗe da Diori a sansanin Eh. Ƙafar gwamnati ɗaya ta karye tun kafin a buɗe akwati.

A nan ne bambancin Conakry da Yamai ya fito. Sekou Toure ya riga ya kawar da hakimai, ya sa 'yan jam'iyyarsa a kowane ƙauye, saboda haka ranar zaɓe akwatin yana hannunsa. Djibo yana da sunan shugaban gwamnati, amma kumandan da jandarma da motocin hukuma da masu ƙirga ƙuri'a duk na gwamna ne. A ƙauyen da babu mai karatu, inda mai gari ne ke tara mutane ya nuna musu takardar da za su jefa, wanda ya riƙe mai gari shi ya riƙe ƙuri'a.

Sakamakon hukuma ya ba Eh ƙuri'u 372,383, wato kashi 78 cikin 100, A'a kuma 102,395. Amma adadin da ya fi ba da labari shi ne na waɗanda ba su fito ba: cikin mutum sama da miliyan 1 da dubu 300 da ke cikin rajista, kusan kashi 37 cikin 100 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a. A Gini A'a ta samu kashi 95 cikin 100, ƙasar ta zama mai 'yanci ranar 2 ga Oktoba. In aka cire Gini, babu inda A'a ta yi ƙarfi a yammacin Afirka ta Faransa kamar Nijar.

Har yau masana tarihi na jayayya kan ko Djibo zai ci da an bar zaɓen ya tafi yadda ya kamata. Klaas van Walraven, ɗan ƙasar Holland da ya shafe shekaru yana hira da tsofaffin 'yan Sawaba kafin ya fitar da babban littafinsa a 2013, yana ganin abin da aka yi juyin mulki ne da aka sa wa rigar zaɓe. Wasu kuma na cewa makiyaya da manoman karkara ba su shirya rabuwa da Faransa ba, kuma Djibo ya ɗauki shewar tasha da kasuwa a matsayin muryar ƙasa baki ɗaya. Ina ganin duka biyun na da ƙamshin gaskiya. Tursasawar ta faru, babu mai musun ta. Amma shugaban da ya ba kansa mako biyu kacal don ya bayyana wa ƙasa mai faɗin Nijar abin da kalmar A'a za ta jawo, alhali rabin gwamnatinsa na shirin guduwa, shi ma yana da nasa kason laifin.

'Yancin da ya zo ba ƙuri'a

Abin da ya biyo baya ya tafi da sauri. A watan Oktoba Djibo ya sauka. Aka rusa majalisar da ba ta cika shekara biyu ba, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Ƙawancen Diori ya samu kujeru 49, Sawaba 11, sannan aka soke sakamakon Tasawa da Damagaram inda Sawaba ta ci, kujerun suka ƙare a hannun abokan hamayya. Ranar 18 ga Disamban 1958 aka shelanta Jamhuriyar Nijar da Diori a kan gwamnati. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, Djibo kuma ya riga ya bar ƙasar zuwa Bamako.

Tarayyar da aka ce mutane sun zaɓa da gagarumin rinjaye ba ta yi shekara biyu ba. Senegal da Sudan suka nemi 'yanci a ƙarƙashin Tarayyar Mali, de Gaulle ya amince, aka gyara kundin tsarin mulkin a majalisa ba tare da an koma ga masu zaɓe ba. Houphouët-Boigny, wanda ya fi kowa kare tarayyar, ya ji an ci amanarsa, ya ja ƙasashen ƙawancensa suka nemi nasu. Ranar 3 ga Agustan 1960 Nijar ta samu 'yanci a hannun mutanen da suka yi yaƙin neman Eh, Chadi kuma ranar 11 ga wata. Abin da Djibo ya rasa mulki saboda shi, wata 22 kawai ya rage ya zo.

Sai dai ya zo da wutsiya. Ranar 24 ga Afrilun 1961 Nijar, Côte d'Ivoire da Dahomey suka sanya hannu kan yarjejeniyar tsaro da Faransa, wadda ke ɗauke da wani rataye kan albarkatun ƙasa masu muhimmanci, ciki har da man fetur da yuraniyom, inda aka ba Faransa fifiko wajen saye. Chadi ta shiga tata yarjejeniyar tun Agustan 1960, aka maye gurbinta da ta haɗin gwiwar soja a 1976. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka kai gaban masu zaɓe. Abubuwan da aka tambayi jama'a a kansu a 1958 da bindiga a gefe, a 1961 ba a ma ga buƙatar tambaya ba.

Ba a Afirka kaɗai ake wannan wasa ba, kuma masu goyon bayan ƙuri'ar raba gardama ya kamata su san da haka. A 29 ga Mayun 2005 Faransawa da kansu sun yi watsi da yarjejeniyar kundin Tarayyar Turai da kusan kashi 55 cikin 100. Aka sake mata fasali da sunan yarjejeniyar Lisbon, majalisar Faransa ta amince da ita a 2008. Mutanen Ireland da suka ce A'a a 2008, an sake kiransu a 2009 suka ce Eh. Masu adawa da irin wannan ƙuri'a suna cewa yarjejeniya mai shafuka da yawa ba a taƙaita ta cikin kalma ɗaya, kuma mai zaɓe yakan amsa tambayar da ke ransa ne, ba wadda ke kan takarda ba. Masu goyon baya kuma suna cewa wanda zai zauna da sojan baƙo a bayan gidansa, ko wanda za a rufe wa iyakar da yake ci da ita, ya fi kowa cancantar a ji ta bakinsa. Bahaushen da ke da uwa a Katsina, kanti a Maraɗi, ɗa a N'Djamena, ya san nauyin wannan magana fiye da mai zaune a babban birni. Da Nijar, Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, shi ma ta sanarwa ya ji.

Daga akwati zuwa bindiga

Shekarun gudun hijira su ne mafi duhu a tarihin Djibo. Daga Bamako ya koma Accra a ƙarƙashin inuwar Nkrumah. Ɗaruruwan matasan Sawaba suka fita ƙasar a ɓoye, da yawa ta Kano, wasu suka samu guraben karatu a gabashin Turai, wasu aka kai su horon soja a Aljeriya, Sin da Vietnam ta Arewa. A gida kuma ministan cikin gida Diamballa Yansambou Maïga yana cika gidajen kaso da duk wanda aka zarga da raƙumi a zuciya.

A ƙarshen Satumba da Oktoban 1964 ƙananan rundunoni suka kutsa Nijar ta iyakokin Najeriya, Dahomey da Haute-Volta, da tunanin cewa talakawa za su tashi su mara musu baya. Ba su tashi ba. Hukuma ta riga ta samu labari, aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu da kwari da baka. Aka kashe wasu, aka kama da yawa, aka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. A 13 ga Afrilun 1965, ranar Babbar Sallah, wani ɗan Sawaba mai suna Amadou Diop ya jefa gurneti a filin idi da nufin kashe Diori. Diori ya tsira, wani yaro ƙarami ya mutu. Kamun da ya biyo baya ya shafi dubban mutane, wasu ba su fito da rai ba. Rikicin ya kai ga Nijar da ƙawayenta suka ƙaurace wa taron ƙungiyar haɗin kan Afirka da aka yi a Accra a Oktoban 1965.

Kuskuren 1964 ɗan'uwan na 1958 ne, sai dai wannan karon da jini aka biya. Sau biyu Djibo yana auna zuciyar jama'a daga nesa, yana ɗaukar cewa fushin da suke yi da hakimi da mai karɓar haraji ya isa ya sa su yi kasadar da yake nema. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a Fabrairun 1966, ya koma Conakry wajen mutumin da ya ci irin zaɓen da shi ya faɗi, ya zauna yana kallon yadda mulkin A'a ɗin ma ya rikiɗe ya zama na sansanin Boiro.

Komawa gida

Laftanar Kanar Seyni Kountché ya kifar da Diori ranar 15 ga Afrilun 1974, ya saki fursunonin Sawaba, ya bar 'yan gudun hijira su dawo bisa sharaɗin ba siyasa. Djibo ya dawo bayan shekara 15. A Agustan 1975 aka kama shi tare da Manjo Sani Souna Sido, mutum na biyu a gwamnatin soja, bisa zargin shirya juyin mulki. Sido ya mutu a tsare. Djibo ya shafe shekaru a hannun hukuma, a daidai lokacin da ɗan'uwansa Diori ma ke tsare, 'ya'yan Soudouré biyu a hannun mai gadi ɗaya. Sai a shekarun 1980 suka samu sararawa.

Da aka dawo da jam'iyyu da yawa a farkon shekarun 1990, ya farfaɗo da Sawaba, amma ta rabe gida biyu, kuma matasan da suka cika filayen taro ba su san raƙumi ba. A 1992 ya wallafa littafin tarihin gwagwarmayarsa da Faransanci, mai suna Silence ! On décolonise. A zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 1993, wanda shi ne zaɓe na farko cikin 'yanci da ya shiga tun 1957, ya tsaya takara yana ɗan shekara 70 da ɗoriya. Bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Mahamane Ousmane, ɗan Damagaram, garin da aka soke wa Sawaba kujeru a 1958, shi ya lashe zagaye na biyu.

Djibo Bakary ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998. Daga baya gwamnati ta sa sunansa ga gadar Farié da ke kan kogin Kwara, arewa da Yamai, a hanyar da ke zuwa Téra da iyakar Burkina Faso.